Gudali, Azawak ko 'yar Holan: wacce za ka ɗaure in madara kake nema a Sakkwato?

Tambayar nan ta yi yawa yanzu, musamman wajen ma'aikata da 'yan kasuwa da suka tara ɗan abin hannu suna son su sa a kiwo, kowa ka ji sai ya ce shi shanun madara zai yi, ya ga bidiyo a Facebook an tatsi saniya guda ta cika bokiti biyu. To ni dai shawarata ita ce kafin ka tambayi lita nawa saniya ke bayarwa, fara tambayar kanka me za ka ba ta a watan Afrilu, kuma ruwan da za ta sha daga ina zai fito. A Sakkwato bazara ce ke tantance saniya. Da damina ai kowacce gwana ce.

Bari mu fara sallamar waɗanda ba su cikin lissafi. Rahaji, jajayen nan masu dogon ƙaho, shanun daji ne da tafiya, ba su son turke kuma nononsu kaɗan ne, in ba makiyayi ba ne kai ka bar su. Bunaji, farare masu baƙin kunne, su suka fi yawa a Najeriya, ƙidayar dabbobi da aka yi a farkon shekarun 1990 ta nuna sun kai wajen kashi 37 cikin 100 na shanun ƙasar, Gudalin Sakkwato kuma wajen kashi 12, suna da nono daidai gwargwado amma ban ga dalilin da za ka tsallake ta gida ka je nemansu ba. Sai masu tambaya a kan ɓaunar Indiya da Pakistan, irin su Murrah, gaskiya ne nononsu na da mai sosai har kashi 6 zuwa 8, amma dabba ce baƙa mai ƙarancin zufa da sai ta kwanta cikin ruwa ko taɓo in rana ta take, ba mu da irinta a kasuwanninmu, ba mu da bijiminta. Ɓaunar dajinmu kuwa ba ta kiwo ba ce sam. Saboda haka zaɓin gaske guda huɗu ne: Gudali, Azawak, 'yar Holan tsantsa, da ruwa biyu wato wadda aka haɗa Holan da ta gida.

Gudali, ko Bokolo kamar yadda da yawa ke ce mata, ita ce tamu. Fara ko ruwan toka, gajeren ƙaho wata ma kamar babu, kunne ya ɗan faɗo, fatar wuya na lilo, ga sanyin hali, yaro ƙarami ma na iya riƙe ta. Macen takan kai kilo 300 zuwa 350. A ruga inda kiwon daji kawai take dogaro da shi, abin da ake samu a ƙwarya bai cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana ba bayan maraƙi ya sha nasa, da rani ma ya gaza haka. Amma fa wannan ba shi ne iyakarta ba, yunwa ce ta tsayar da ita a nan. A gonakin bincike inda ake ba ta abinci yadda ya kamata tana yin lita 1,000 zuwa 1,500 a haihuwa guda, wato kamar lita 4 zuwa 5 kullum in ka raba, kuma cikin garke akan samu ɗaiɗaiku da suka wuce haka nesa. Waɗannan ɗaiɗaikun su ne dukiya, kuma su ne Bafulatani ba ya kai wa kasuwa sai dole ta kama shi.

Aibinta a fili yake. Ba ta saurin balaga, sai ta kai wajen shekara 4 kafin haihuwar fari in ba a kula da ita sosai ba, tazarar haihuwa kuma ta kan kai shekara ɗaya da rabi har biyu, kuma ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen tatsar asuba ya san yadda abin yake, a kwance maraƙi daga dangwali ya ruga ya kama hantsa yana tunkuɗa da kai, sai an ga kumfa a bakinsa sannan a janye shi a ɗaure kusa da ƙafarta ta gaba tana lasarsa, mai tatsa ya tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwa. Ranar da maraƙin ya mutu, sau da yawa nonon ma ya tafi ke nan. Wanga abu ba ƙarami ba ne ga mai lissafin kasuwanci, domin yana nufin lafiyar maraƙi ita ce lafiyar cinikinka.

Azawak kuma ita ce wadda nake ganin mutanenmu ba su ba ta haƙƙinta ba. Asalinta kwarin Azawak ne tsakanin Nijar da Mali, shanun Buzaye, yawanci ja-ja ko ruwan ƙasa, jiki ba nauyi, fata a ɗame. A Nijar akwai gonar gwamnati a Tukunus ta wajen Filinge da aka daɗe ana zaɓen irinta saboda madara, kuma cikin shanun Sahel kaf ana sa ta sahun gaba wajen nono. Ta saba da wurin da ya fi namu bushewa, saboda haka zafin Sakkwato ba baƙonta ba ne, tana jure ƙishirwa da ƙarancin ciyawa. Ta kan shigo mana ta Konni zuwa Illela. Matsalarta biyu ce, na ɗaya samun tsantsarta, don da yawa da ake kira Azawak a kasuwa gauraye ne da Rahaji ko Bunaji, na biyu ba ta son laima, in gonarka cikin fadama take inda ƙasa ke jiƙe wata da watanni ga kaska ga sauro, Gudali ta fi ta zama lafiya. Wajen nama da kuɗin sayarwa ma Gudali ta fi ta cika ido. Amma in kana tudu ta wajen Gwadabawa, Tangaza, Gada ko Illela, kuma nono kake so ba ƙiba ba, ni zan ce ka duba Azawak da kyau kafin ka yanke.

Yanzu 'yar Holan tsantsa, mai baƙi da fari. Lita 25 zuwa 30 a rana da ake faɗa ba ƙarya ba ne, har fiye ma tana yi, amma a ina? A ƙasar da zafi bai cika wuce digiri 25 ba, ga ciyawa kore ga abincin da aka auna. Ita wagga saniya da zafi ya haura digiri 25 ta fara takura, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu sama da 40 muke wuni, dare ma ba ya huce wa. Saniya mai yawan madara jikinta kansa wuta yake haifarwa saboda yawan abincin da take narkarwa, sai zafin ciki ya haɗu da na waje. Za ka gan ta tsaye ta ƙi kwanciya, baki buɗe harshe waje, miyau na zuba, haƙarƙari na bugawa sama da sau 80 a minti, ta bar abinci a kwano. Da ta rage ci madara ta faɗi, sannan ta daina nuna alamar neman bijimi, in ma an yi barbara cikin ya ƙi zama. Ƙarshenta ka sayi saniyar lita 25 kana tatsar 8, kuma shekara ta zagayo ba ciki. Akwai masu riƙe ta a Arewa, amma je ka ga abin da suka kashe, rumfa mai tsawo, fanka, famfon feshi, sola ko janareta da ba ya mutuwa, likita a kusa. Ko Jos da Mambila da Allah ya ba su sanyi sai da kula. In kai mai saniya biyu zuwa goma ne a bayan gida ko wata 'yar gona a Dange ko Bodinga, don Allah ka cire ta daga ranka, ba don ba ta da kyau ba, don kuɗinka nake ji.

Gardamar gaske tana tsakanin ta gida mai kyau da ruwa biyu.

Haɗa Holan da shanun gida ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta yi shekaru da dama tana yi da Bunaji, kuma abin da aka gani shi ne 'yar farko, wadda uwa ta gida uba Holan, madararta na ninka ta uwar wajen sau biyu, tana saurin balaga ta haihu tun tana shekara biyu da rabi zuwa uku, tazarar haihuwa ta ragu, da yawansu kuma suna sakin nono ko ba maraƙi. In an riƙe ta da kyau lita 8 zuwa 12 a rana ba abin mamaki ba ne. Amma an kuma ga cewa in aka ƙara jinin Holan ya kai kashi 75 ko sama, ƙarin madarar ba ya taka kara ya karya, ciwo da mutuwar maruƙa da wahalar ɗaukar ciki kuwa su ƙaru. Wannan a Zariya ke nan fa, wadda ta fi mu sanyi da ruwan sama. Shi ya sa nake cewa a Sakkwato rabi da rabi shi ne iyaka ga mafi yawanmu. Mutanen Burazil ma da suka yi nisa a harkar, shanunsu na madara da ake kira Girolando haɗin Holan ne da Gir mai tozo, ba su yar da jinin mai jure zafi ba.

To amma ruwa biyu ba kyauta take ba da madarar nan ba, a nan ne mutane ke faɗawa rami. Ɗauki alƙalami. Saniya na cin busasshen abinci kamar kashi 3 cikin 100 na nauyinta kullum. Mai kilo 400 ke nan tana son kilo 12, a ciki wajen kilo 4 zuwa 5 ya zama abinci mai ƙarfi in lita 10 kake so, don ƙa'idar da aka saba ita ce kilo guda na haɗin dusa ga kowace lita biyu zuwa biyu da rabi. Sauran kilo 7 ko 8 harawa ce da ciyawa da karmami. Daga Nuwamba zuwa Yuni ba kore sai wanda ka yi ban ruwa, kwana sama da 200 ke nan, ka ninka, za ka ga saniya guda na buƙatar harawa da ciyawa sama da tan ɗaya da rabi kafin ruwa ya sauka. Wanda bai tara wannan da kaka ba lokacin da harawar wake da ta gyaɗa ke araha, zai saye ta a Mayu da tsadar da za ta cinye ribar duka. Kuma dusa kaɗai ba ta yin madara, ko ta gero ko ta masara ko ta alkama, sai an haɗa da abin da ke da sinadarin gina jiki, ƙuli-ƙulin auduga ko na gyaɗa ko waken suya, a sa ɓawon wake, a sa gishiri da kanwa. 'Ya'yan gawo ma da yara ke tsintowa da rani abinci ne mai kyau ƙwarai. Ɓuntun shinkafa da ake cika wa dabbobi ciki da shi don araha kuwa ba abin da yake ƙarawa.

Bambancin shi ne, Gudali in abinci ya yi ƙasa sai ta rage nono ta riƙe jikinta, ta rame kaɗan ta jira damina. Ruwa biyu ba ta iya wannan ba, za ta ci gaba da zubo madara daga naman jikinta har ƙashin baya ya fito, daga nan ciki ya ƙi shiga, ciwo kaɗan ya kayar da ita. Daidai ruwa daidai tsaki, in aljihunka na yin sama da ƙasa, albashi ya zo yau gobe ya makara, ta gida ce za ta yi haƙuri da kai.

Ruwan sha ma haka. Madara kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Gudali za ta wuni da jarka biyu ta lita 25, ruwa biyu mai tatsa da bazara tana shan jarka uku zuwa huɗu, ban da na wanka da wanke wuri da kwanoni, kuma so take ya kasance gabanta dare da rana, mai sanyi a inuwa. In 'yan garuwa ke kawo maka ruwa, ka lissafa shanu biyar sau jarka huɗu kullum ka ga ko za ka iya. Wanda ke da bohol da sola ko yake kusa da gulbi ta wajen Kwalkwalawa, Wamakko, Wurno ko ƙasan dam ɗin Goronyo, shi ne ya dace da ita, don shi zai iya shuka ciyawar Nafiya ko dawar kiwo ko lablab da rani ya yanko kore. Rumfa kuma a ɗaga ta ta kai mita uku da rabi zuwa huɗu, tsawonta ya bi gabas da yamma, gefe a buɗe iska na wucewa, in kwano ne a shimfiɗa zana ko kara a kai, in da bishiyar dogon yaro ma ya fi. A ba da abinci mai yawa da asuba da bayan magariba, a jiƙa mata baya da tsakar rana.

Wajen ciwo nan ma tazarar na da faɗi. Boru, wato ciwon baki da kofato, in ya shigo gari, ta gida za ta yi ɗingishi da dalala na mako biyu ta miƙe, ruwa biyu kuwa madara ta tsaya cak, ƙuraje su fito a kan nono su jawo ciwon hantsa, maraƙi ya mutu, wata ba ta komawa yadda take har abada. Kaska da Gudali ke yawo da ita ba ta damu ba, ita ce ke sa wa ruwa biyu zazzaɓi da fitsarin jini, ga kirci da damina. Saboda haka feshin kaska a kai a kai dole ne ba zaɓi ba. Ciwon huhu kuwa ba ya tambayar iri, kowacce yana kashewa, a yi rigakafinsa duk shekara tare da na harbin daji da na saifa, cibiyar Vom da ke Filato ce ke yin waɗannan alluran, a nema ta hannun likitan dabbobi don allurar da ta sha rana a kasuwa ruwa ce kawai. Masu yanko ciyawar fadama irin su burgu su sani ciwon hanta na tare da ita, a ba da maganinsa da na tsutsa farkon damina da ƙarshenta. Sai leda. Duk saniyar da ake saki tana kiwo a bola cikin gari tana tara leda a tumbi, ka ga tana ci tana ramewa, mahauta sun fi kowa sanin wannan, kuma asara ce babba a ce saniya mai tsada ta mutu a kan ledar ruwa.

Ciwon hantsa shi ne ɓarawon masu ruwa biyu, don hantsarta babba ce kuma ƙofar nonon a sake take. Maganinsa tsafta ce mai arha, wanke hannu, goge nono da tsumma mai tsabta kowace saniya da nata, a fara tatso ɗigo biyu uku a baƙin kofi a duba ko akwai gudaji, a tatse tas, a tsoma kan nonon a ruwan aidin, sannan a zuba mata abinci ta tsaya tsaye kamar rabin awa kafin ta kwanta. In an yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta kada a sayar da madarar sai kwanakin da aka rubuta a kwalba sun cika, hakkin mutane ne, kuma ko yogot ka ce za ka yi da ita ba zai kama ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bakkale. Saniya ta yi ɓari a wata na shida zuwa takwas, mahaifa ta maƙale, wata gwiwarta ta kumbura da ruwa, kuma yana kama mutum ta ɗanyen nono ko taɓa ɓarin da hannu, ya zo da zazzaɓin da ake ta sha wa maganin maleriya ba ya tafiya. Bijimi guda na aro ko saniya guda da ka sayo na iya shafa wa garke duka. Muna da tsangayar likitan dabbobi da asibitin koyarwarta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga asibitin dabbobi na jiha, a ɗebi jini a gwada kafin ka haɗa sabuwa da naka, kuma ka ware ta mako uku zuwa huɗu. Madarar gida kuma a tafasa, ko ta Gudali ce ko ta wacce, saboda tarin fuka ma ta nan yake bi.

To in ka yarda ruwa biyu kake so, saye za ka yi ko haɗawa? Saye ya fi sauri, gobe ka fara tatsa, amma ba ka san jinin da ke jikinta ba, rabi ce ko kashi 75 ce ko jikar jika ce da aka yi ta haɗa 'yan uwa, ba takarda ba tarihi, kuma wadda aka ɗauko daga wuri mai sanyi sai ta sha wahala kafin ta saba, wata ba ta sabawa. Kuma ka tambayi kanka me ya sa mai ita zai rabu da saniyar da ke ba shi lita 15. Haɗawa kuwa na cin lokaci, ciki wata tara da 'yan kwanaki, a yi addu'a ta zo mace, sannan shekara biyu da rabi zuwa uku kafin ta haihu, kusan shekara huɗu ke nan. Amma 'yar da aka haifa a turkenka ta sha dakashin uwarta Gudali tun awannin farko, ta tashi da zafinmu da cututtukanmu, ka san uwarta ka san ubanta, kuma duk tsawon lokacin kana tatsar uwar kana koyon aikin a kan dabbar da ke yafe kuskure. Ni wannan hanyar na fi so ga duk wanda bai taɓa kiwon madara ba.

Allurar barbara, wato likita ya zuba wa saniya maniyyin bijimi da kayan aiki, ta fi a ce ka riƙe bijimin Holan, wanda zafi ke kashe masa ƙarfi ga ci ga faɗa. Sai dai tana son ido. Saniya na neman namiji duk kwana 21, alamar na ɗaukar awanni ne kawai, a shanunmu masu tozo ma gajere ne kuma sau da yawa cikin dare. Ka duba da asuba da yamma, kuka, rashin natsuwa, farin majina mai yauƙi a baya, babbar alama ita ce ta tsaya cak wata ta hau ta. Ka gani da safe a yi allura da yamma, ka gani da yamma a yi da safe. Maniyyin cikin tukunyar naitirojin yake zama, in tukunyar ta bushe ya mutu ko da an sake cikawa, saboda haka ka san wanda kake kira, kuma kada ka karaya in ba ta ɗauka a karon farko ba, ana kaiwa biyu ko uku. Lokacin da ya fi shi ne sanyi, Nuwamba zuwa Janairu, shanu sun ƙoshi da kaka ga ba zafi, haihuwa ta faɗo Agusta zuwa Oktoba ga ciyawa ga sabuwar harawa na tafe. Kada a sa wa ƙaramar karsana irin Holan, ɗan na iya yi mata girma wajen haihuwa, a zaɓi wadda ta haihu sau ɗaya ko biyu. In ana samun irin Jersey ma, wata saniyar madara ta Turai, ni na fi son shi a nan, jikinta ƙarami, cinta kaɗan, ta fi Holan jure zafi, madararta kuma da kauri. 'Yar da aka samu in ta girma kada a sake mata Holan tsantsa, a nemi bijimi rabi da rabi daga uwa mai nono, ko a koma Gudali ko Azawak mai kyau, kuma kada uba ya hau 'yarsa.

Sai kasuwa, wadda ya kamata a ce da ita aka fara. Nonon Gudali da Azawak na da mai wajen kashi 5 ko fiye, na Holan bai cika wuce 3 da rabi zuwa 4 ba. Mai hura da nono da mai kindirmo da mai man shanu sun san bambancin tun a ludayi, ta gida suke so. Mai yogot a cikin gari kuwa yawa yake so da tabbacin kullum za ka kawo, kuma da farashin madarar gari yake auna taka. Ɗanyar madara a zafinmu awa uku zuwa huɗu ta fara juyawa, in ba firij ba mai saye a kusa, lita 40 a rana wahala ce za ta zame maka. Da damina nonon ruga na cika gari farashi ya faɗi, da rani da azumi kuwa nema ake ba a samu, to ribar mai ruwa biyu a nan take, ya kasance yana da madara lokacin da kowa ba shi da ita. In ba za ka iya ciyarwa da rani ba ka rasa dalilin sayenta tun farko.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa amma dole a sa a lissafi, tsaro. Mutanen gabashin jiha, Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo, sun ga yadda garke ke tafiya a dare guda. Wannan na cikin abin da ke sa shanu uku masu lita 10 a cikin katanga kusa da gari su fi goma sha biyar da sai an kai su daji. A ɗaya gefen kuma Gudali kuɗi ce a hannu, ranar da buƙata ta taso ka kai ta kasuwar Kara ko Achida ko Illela a ranar za ka sayar, ɗanta namiji manomi na so don huɗa, mai layya na so. Ruwa biyu da nono ɗaya ya mutu ko ta ƙi ɗaukar ciki, kuɗin nama za a ba ka, ko rabin abin da ka saya ba lalle ka gani ba.

In ka je saye, ko wacce iri ce, kada hantsa ta ruɗe ka. Ana ƙin tatsar saniya kwana guda a raba ta da ɗanta don ta shigo kasuwa hantsa tam. Dillali zai ce maka, Alhaji wagga ko ba ka tambaya ba, sha biyar taka badawa. Ka ce masa to Baba na ji, a bar ni in ga tatsa da idona safe da yamma har kwana biyu, in ya so a ƙara mini kuɗi a kai. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Ka tsuguna ka ja kowane nono huɗun ka ga yana zuba, ka taɓa hantsar bayan an tatse, mai kyau laushi take yi ta saki kamar tsumma, in ka ji ƙulli ko tauri a wani ɓangare tsohon ciwo ne. Ka buɗe baki, haƙoran girma biyu wajen shekara biyu ne zuwa biyu da rabi, takwas cif ta kai huɗu zuwa biyar, in sun side sun rarrabu ta tsufa. Wadda ta yi haihuwa biyu ko tana cikin na uku ita ce daidai. Ka dubi gwiwa, ka saurari numfashi ko da tari, ka dubi maraƙin don shi ne shaidar nonon uwar. In da hali ma ka tsallake kasuwa ka bi ta hannun Ardo ka je rugar, kuma ka tambayi matan gidan, su ke tatsa su ke sayar da nono, sun fi maigidan sanin wacce ke cika ƙwarya.

Wanda ke da bohol, da wurin shuka ciyawa, da mai saye tabbatacce, da likitan da zai ɗaga waya cikin dare, kuma shi da kansa zai riƙa leƙa turken kullum ba ya bar wa yaro ba, ya ɗauki ruwa biyu rabi da rabi, ya fara da biyu ko uku. Wanda ke tudu, ruwa na saye, abinci na saye, ya nemi Azawak ko Gudali mai nono ya ciyar da ita da kyau, zai sha mamakin abin da za ta ba shi. Wanda yake tsakiya kuma, kuma nan mafi yawanmu muke, ya sayi Gudali uku ko huɗu zaɓaɓɓu da kaka, ya tara harawa a lokacin, ya yi rigakafi da gwajin bakkale, in sanyi ya shigo ya yi wa biyu mafi nono allurar barbara ya bar sauran ga bijimin Gudali, ya sami littafi yana rubuta litar kowacce da ranar barbara da ranar haihuwa, bayan bazara biyu littafin zai nuna masa wadda zai ƙara da wadda zai kai Kara.